Shafi na Sittin da Ɗaya

Litinin, 18 ga Maris, 7:10 na safe

Santimita sittin da huɗu.

Na'urar ta turo saƙonta ƙarfe bakwai daidai, kamar kullum. Ita ina ruwanta. Tana can tsakiyar tafki inda ɗalibaina biyu, Aino da Pahoua, suka dasa ta tun Janairu, tana auna kaurin ƙanƙara tana aika wa wayoyi uku: tawa, da ta Pahoua, da ta Aino. Ta Aino tana ƙarƙashin ruwa tun shekaranjiya.

Maigidana Arne ya ce in zauna a gida yau. Na ce in zauna in yi me, in ƙirga cokula? Ya ci gaba da ɗaura takalminsa.

Litinin, 12:40 na rana, ɗakin gwaji

Har yanzu Aino ba ta farfaɗo ba. Likitoci sun ce zuciya tana bugawa da kanta, sauran sai jira.

Mista Lindgren, shugaban makaranta, ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya turo mini kwalin tishu tun ban nema ba. "Marlys, ki sake gaya mini, don rahoto kawai." Na sake gaya masa. Muna tare da ita a bakin tafki, na koma mota ɗauko batir, kafin in dawo ƙanƙarar ta fashe da ita. Karo na uku ke nan da na faɗa: mai motar asibiti, ɗan sanda, yanzu shi. Maganar har ta fara santsi a bakina.

Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Minti biyu fa."

Na ce e, minti biyu.

Daga nan ya fara murza alƙalaminsa, na san inda ya nufa. Montreal. Baje-kolin fasaha na ɗaliban duniya, watan Mayu, ƙasashe sittin da wani abu. Rabon makarantar nan da ta tura wani shekara goma sha ɗaya, sai bana da 'yan matan nan suka ci na jiha. Na ce masa aikin yana nan daram, Pahoua za ta iya tsayawa a rumfar ita kaɗai in kwamiti ya yarda. Ya yi ajiyar zuciya, sai kuma ya ji kunyar yin ta.

Laraba, 20 ga Maris, 7:05 na safe

Sittin da uku.

Laraba, 4:30 na yamma

Littafin aikinsu yana wurina. Mai kamun kifin da ya jawo Aino daga ruwa shi ya miƙo mini jakarta ranar nan, ta bar ta a kan dutse a bakin tafki, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Na sa littafin a durowar kicin, ƙarƙashin tsumman goge kwanuka.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya, kuma duk wanda ya bi ta ajina ya san ni a kan abu ɗaya. Littafi ɗinkakke, mai lamba a kowane shafi. Da biro, ba fensir ba. Lokaci, wuri, da sunan duk wanda ke wurin. Ba a gogewa, ba a yagewa. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya tak, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. A ƙasan kowane shafi kuma akwai gurbin malami: "Na karanta, na fahimta," sa hannu, kwanan wata. Yara suna kirana Sarkin Yanka a bayan idona, sun zaci ban sani ba. Na sani sarai, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Na sa hannu a shafi sittin. Na sittin da ɗaya ya rage.

Alhamis, 21 ga Maris, 6:20 na yamma

Bari in kwafe shafin a nan, ko zai bar mini kai.

"Asabar, 16 ga Maris. Bakin rafi, gabas da tafki. 8:15, na iso. 8:40, Malama Halvorsen ba ta iso ba. Jiya ta ce in ta makara in fara. Na fara. Masu aiki a wurin: Aino Rautio."

Shi ke nan. Rubutun tsaf, layi a miƙe. Yarinyar nan ba ta taɓa manta ko ɗaya daga abin da na koya mata ba.

Juma'a, 22 ga Maris, lokacin abincin rana

Wasiƙar kwamitin baje-kolin ta iso. Sun yi jaje sosai, sakin layi biyu cur. A na uku suka ce sun yarda Pahoua ta tsaya ita kaɗai, amma saboda abin da ya faru suna son hoton kowane shafi na littafin kafin 19 ga Afrilu, shi kuma littafin ya kasance a kan tebur ranar da alƙalai za su zagaya. Suka tuna mana da doka, wai ko mun manta: duk aikin da aka yi a kan ƙanƙara sai da babba a tsaye a wurin. In ba haka ba an soke aikin gaba ɗaya.

Ni na sa hannu a takardar cewa ni ce babbar.

Pahoua ta leƙo, "Malama, littafin fa?" Na ce ya ɗan jiƙe, ina shanya shi. Ta dube ni, ta ce to.

Lahadi, 24 ga Maris, 2:00 na rana

Reino Rautio, mahaifin Aino, ya zo gida bayan coci. Ƙato ne, yana aiki a injin katako, shi kaɗai ya raine ta tun tana shekara shida. Ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, da burodin pulla mai zaƙi irin na Finlan a ɗaya hannun, wai ƙanwarsa ta gasa mini. Ni ake kawo wa burodi! Ya ƙi zama, wai takalminsa zai ɓata mini ƙasa.

"Malama, ba na barci, amma abu ɗaya ke kwantar mini da hankali. Ba ita kaɗai ba ce a wurin. Ko minti biyu ne, ta san kina kusa."

Na ce, "Reino, ka zauna mana."

"A'a, zan koma. Ba na so ta buɗe ido ta ga bango."

Arne ya raka shi mota. Da ya dawo ya tsaya yana kallon burodin ya daɗe, sannan ya ce, "Marlys, ranar nan ni na wanke kofuna." Na ce to sai me? Ya ce, "Naki biyu ne." Ya fita ya kama sharar dusar ƙanƙarar da ya riga ya share da safe. Shekara talatin muna tare, mutumin nan bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma yau da ma ya yi.

Laraba, 27 ga Maris, 7:02 na safe

Sittin. Na rage ƙarar wayar, amma duk da haka ina jin ta.

Juma'a, 29 ga Maris, 10:15 na safe

Ta buɗe ido! Reino ya bugo ina tsakiyar darasi, yana kuka yana dariya. Ajin ya kaure da ihu, Pahoua ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Na gode wa Allah. Na gode masa da gaske, har cikin raina. Amma abu na biyu da ya zo mini shi ne, me ta tuna? Tir da ni.

Litinin, 1 ga Afrilu, 5:00 na yamma

Ba ta tuna komai daga daren Juma'ar da ta gabaci hatsarin ba. Haka nas ta ce.

Na yi miya, na zuba gishiri sau biyu. Arne ya cinye duka.

Laraba, 3 ga Afrilu, 3:45 na yamma

Pahoua ta zo da 'yar jaka cike da ƙananan bajoji masu hoton agwagwar tafkinmu, guda ɗari biyu. Al'adar baje-kolin ce, ranar farko ɗalibai suna musayar baji, ka koma gida da na Brazil da na Koriya da na Kenya a rigarka. Ta kuma nuna mini fasfonta, sabo fil, na farko a gidansu. Mahaifiyarta tana ɗinka mata rigar gargajiyar ƙabilarsu ta Hmong mai ado don ranar buɗewa. Wasu ɗalibai daga Finlan da za su kasance a rumfar kusa da tamu sun aiko wa Aino kati, kowa ya sa hannu.

"Malama, littafin ya bushe?"

"Ke, ba kya ji ne? Na ce miki ina shanya shi."

"Kwana goma sha biyu ke nan, Malama."

Na daka mata tsawa, na ce ta je ta gyara allon nunin, rubutun sama ya karkace. Bai karkace ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Asabar, 6 ga Afrilu, 11:30 na safe

Na ɗauko reza. Na shimfiɗa littafin a kan tebur, rana tana haska shi ta taga.

Ba ya yiwuwa. In ka yanke ganye ɗaya a littafi ɗinkakke, abokin ɗinkinsa na can gaba sai ya saki. Lambobin kuma bugaggu ne, daga sittin a faɗa sittin da uku, ko makaho ya shafa ya ji. Ni na zaɓi irin littafin nan da kaina, saboda wannan dalilin. Na taɓa cire wata yarinya daga gasar jiha don ta yage shafi ɗaya. Ta yi kuka a gabana, ni kuwa na ce mata kimiyya ba ta san kuka ba. Ban san inda take yanzu ba.

Na mayar da shi ƙarƙashin tsummoki. Duk lokacin da na shiga kicin sai in ji kamar akwai mutum zaune yana jirana.

Lahadi, 7 ga Afrilu, 4:10 na yamma

Na je asibiti. Da ma ban je ba.

Aino ta rame. Maganarta tana fitowa a hankali, kalma ɗaya ɗaya, yatsu biyu na hannun hagu a naɗe. Amma idon nan na tsokana yana nan. Tana ganina ta ce, "Malama, na makara aji. Sati uku." Reino ya yi dariya har da buga gwiwa.

Sai ta ce ta tuna abu ɗaya.

"Ina riƙe da bakin ƙanƙara. Hannuna ba ya ji. Ina so in saki, ba zafi, kamar barci. Sai na ji kina kirana. Rautio! Rautio! Yadda kike yi in ina surutu a baya. Kina ta faɗa. Na ce kai, in na saki Malama za ta kashe ni." Ta yi murmushi da rabin baki. "Shi ya sa ban saki ba."

Reino ya kama hannuna da hannayensa biyu. Na bar masa shi. Na zauna a mota a filin ajiye motoci minti arba'in kafin na iya sa makulli.

Talata, 9 ga Afrilu, 7:00 na safe

Arba'in da tara. Tana narkewa da sauri yanzu.

Alhamis, 11 ga Afrilu, 7:00 na safe

Arba'in da biyar. Kwana takwas.

Juma'a, 12 ga Afrilu, 4:50 na yamma

Pahoua ta jira har kowa ya watse. Ta rufe ƙofar ɗakin gwaji da kanta, ta tsaya ta jingina da ita.

"Malama, na sani."

Na ce kin san me?

"Aino ta turo mini hotonta ranar nan, ƙarfe tara saura ashirin. Ta rubuta, yau na riga Sarkin Yanka zuwa. Na goge shi. Ban gaya wa kowa ba."

Sati huɗu yarinyar nan tana ɗauke da wannan, tana gaishe ni kullum da safe. Sai ta matso, ta rage murya.

"Ruwa ba ya cin tawadar biron da kike sa mu saya. Amma sifirit yana ci. In an ɗiga shi aka bi da ruwa, sai ya yi kamar shafin ya jiƙe ne a tafki. Na gwada a gida da wani littafi. Sau uku na gwada, kamar yadda kike cewa, kuma duk ukun sun fita iri ɗaya."

Na ji bakina ya ce, "Kin rubuta?"

"A'a, Malama. Wannan ban rubuta ba."

Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce mu tara ne a gidanmu, Malama. Jami'o'i suna zuwa wurin nan neman ɗalibai. Ta ce Aino ma ba za ta so a soke ba, shekara biyu muna aikin nan, ni na haɗa wayoyin na'urar da hannuna har na ƙone. Ta ce don Allah.

Pahoua Lor, wadda in ta ci maki fiye da nata a jarrabawa takan dawo mini da takarda ta ce na yi kuskuren lissafi. Ita ce yau take koya mini yadda ake wanke shafi. Ni na kai ta nan, ba wani ba.

Na ce ta tafi gida, zan yi tunani.

Lahadi, 14 ga Afrilu, 8:52 na safe

Na zauna a kujerar da na zauna ranar, a daidai lokacin.

Ba mota ce ta lalace ba. Ba ciwo na yi ba. Asabar ce, kicin da ɗumi, Arne ya soya fanke. Mun yi da Aino ƙarfe takwas da rabi. Na duba agogo na ga takwas da kwata, na ce sau goma sha huɗu na je tafkin nan na tsaya kamar gunki ina kallon yaran da suka fi ni sanin aikinsu. Na ce ai Aino a kan tafkin nan ta girma. Na ƙara gahawa kofi na biyu.

Ta je dasa na'ura ta biyu ne a bakin rafi, inda take zargin ƙanƙara ba ta da kauri. Ta kunna ta. Na san ta kunna, domin ƙarfe 8:52 wayata ta yi ƙara a kan teburin nan, kusa da kwanon fanke. Na'ura ta biyu, saƙon farko: santimita shida.

Shida. Ba ya ɗaukar ko kare.

Na'urar ta yi aikinta, ta gaya wa babbar da ke kula. Babbar tana sanye da silifas ɗin ɗaki, tafiyar minti talatin daga wurin. Na'urar ba ta sake turo wani saƙo ba.

Litinin, 15 ga Afrilu, 6:40 na safe

Na fito da littafin daga durowa. Na karanta, na fahimta. Marlys Halvorsen, 15 ga Afrilu. Na ajiye biro.

Arne ya leƙa ta kafaɗata, ya karanta, ya ɗora hannunsa a kaina kamar yarinya. Ya ce, "In kai ki?" Na ce a'a.

Litinin, 3:30 na yamma

Na gaya wa Pahoua zan aika shi yadda yake. Na ce zan rubuta wa kwamiti cewa laifin nawa ne ni kaɗai, zan roƙe su. Dukanmu mun san amsar da za su bayar, doka ce, kuma doka mai kyau.

Ba ta yi kuka ba. Ta ciro jakar bajojin daga jakarta ta ajiye a kan teburina a hankali.

"Ke kin yi shekara ashirin da biyu, Malama. Ni sau ɗaya ne."

Ta fita ba ta buga ƙofa ba. Gaskiyarta ce.

Gobe Lindgren. Amma ba shi ya kamata ya fara gani ba.

Talata, 16 ga Afrilu, 11:20 na safe, cikin mota

Yanzu na fito daga asibiti. Bari in rubuta tun yana da ɗumi: lokaci, wuri, da waɗanda ke wurin. Ƙarfe goma da kwata, ɗaki na 214. Aino, Reino, da ni.

Na tarar tana koyon karatu da ƙarfi, likitan magana ya ce ta riƙa yi kullum. Tana hango littafin a hannuna ta miƙo hannu, "Kai, tsohon abokina! Kawo shi, Malama, na gaji da jaridar Baba." Na yi niyyar in yi magana tukuna. Na shirya ta tun a hanya. Amma ta riga ta karɓe, tana buɗawa tana dariyar zanen da Pahoua ta yi a shafi na tara.

Na ce, "Aino, buɗe sittin da ɗaya. Ki karanta da ƙarfi, mahaifinki ya ji."

Ta karanta, kalma ɗaya ɗaya, da yatsa a ƙarƙashin layi. Takwas da kwata, na iso. Takwas da arba'in, Malama Halvorsen ba ta iso ba. Ta tsaya. Ta koma farkon layin ta sake. Ta ƙarasa har ƙasa, har sunanta, har sa hannuna.

Reino ya miƙe a hankali. Bai dube ni ba. Ya je ya tsaya a taga ya ba mu baya, ina ganin kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

Na ce, "Ba na wurin, Aino. Ban je mota ba. Ina gida. Ke kaɗai ce."

Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗora hannunta mai bandeji a kan shafin, ta ɗago ta dube ni yadda take dubana a aji idan lissafi ya ƙi fita.

"To Malama, muryar wa na ji?"

Ta zaci ban ji ba, sai ta sake tambaya.